Ƙwaya Ɗari a Gindin Randa

Jiya da la'asar ruwan fari ya sauka a Magarya. Ina zaune a biro, wato ofishin noma, inda nake aikin kwafe rahoton gonaki, littafina a buɗe a kan tebur, sai iska ta turo taga, ta shigo da ƙamshin nan na ƙasar da ta daɗe tana jira. Na ajiye alƙalami. Wata shida ke nan ina bin wani karatu da ake aiko mini ta gidan waya, darasi bayan darasi, a kan ƙididdiga da yadda mai riƙe da aiki zai zaɓi hanya ɗaya idan hannunsa bai isa biyu ba. Littafin ya nuna cewa a lokacin babban yaƙinsu ne Turawa suka gyara wannan ilimi, suna lissafin jiragen ruwa da abincin soja. Darasin wannan mako a kan ɗiba yake, wato yadda za ka ɗebi kaɗan ka san halin mai yawa, da yadda hannun mai ɗiba ke ɓata aikin idan aka bar shi ya zaɓa. Kwana uku ina fama da shi ya ƙi shiga. Da ƙamshin ruwan ya same ni, sai na ga ashe na taɓa zama a wannan aji, ina 'yar shekara goma sha uku, cikin shekarun yaƙin nan dai, a ɗakin kakata.

A shekarar an sallame mu daga lakwal, makarantar boko, tun bazara ba ta ƙare ba, don hatsin da ake ciyar da yaran ƙauye da shi ya ƙare. Babana tela ne a Magarya. An rufe iyaka, yadi ya daina zuwa daga Kano, kekensa ya yi shiru. Sai ya ɗora ni a kan jakin wani ɗan kasuwa, ya tura ni ƙauyenmu da ke gefen Yekuwa, wurin mahaifiyarsa da wansa, Baffa Ɗanjuma, wanda ke riƙe da gandun gidan. A tunaninsa inda ake noma ba a rasa tuwo.

Na tarar da ƙauyen ya yi fari fat. Damunar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, abin da aka girbe zangarniya ce gajera, ƙwayarta ƙanana kamar an tsotse su. Zafin kuwa irin wanda kaza ke yawo baki buɗe. Da hantsi rairayi ya fi ƙarfin tafin ƙafa, in za mu rijiya sai mu riƙa gudu daga inuwar gawo zuwa inuwar aduwa, mu tsaya ƙafa ɗaya a sama kamar balbela. Rijiyar ma ta ja da baya. Guga kan tafi har ka manta da shi, ya dawo rabi ruwa rabi laka, a zuba a tulu a jira ya kwanta.

Kullum da safe Baffa zai zaga bayan gida ya fito da zangarniyar da ya auna da ido, ya miƙa wa matarsa, Inna Habi, wadda ke goyon jariri a lokacin. A sussuka, a surfa, dusar ma ba a ba akuya, a shanya ta a ajiye. Da rana farau-farau ne, ruwa da ɗan gari da ke yawo a cikinsa. Tuwo sau ɗaya ne, gab da magariba, da miyar kuka wadda ba ta san daddawa ba. Mu goma ne a gidan, kuma kowa ya koyi cin abinci a hankali don lomar ta daɗe a baki.

Kakata, Iya Tsahara, ba ta taɓa kirana Barira ba. 'Yar mushe take ce mini, don ta ji muna kiran malaminmu Mushe, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an kai yaro karatu wurin abin da ungulu ke ci ba. In na buɗe kayena na rubutun lakwal ina dubawa sai ta ce in karanta mata wurin da aka rubuta ranar da za a yi ruwa. Amma a ɗakinta nake kwana, kuma ita ke ɓoye mini ƙwallon goruba a cikin kallabinta.

Rumbu biyu ne a bayan gidan. Ɗaya na geron bara ne, ramammen nan, shi ake ci. Ɗayan kuwa a rufe yake shekara uku, tun girbin ƙarshe da kakana Malam Sule ya yi kafin rasuwarsa. Shekarar albarka ce, in ji su, zangarniya tsawon hannun mutum. Baffa ya ɗaure jinkar rumbun ya bar shi tsimi, kuma ya yanke cewa bana shi za a shuka. Geron Malam, in ji shi, ƙasa za ta fara ci kafin baki. Na bara kuwa a cinye shi, don wanda ya shuka ramamme, ramamme zai girba. Ba wanda ya yi masa musu. A gidanmu mace ba ta leƙa rumbun gandu, balle ta sa baki a zancensa. Abin da namiji ya miƙo daga ciki, shi ne iyakar saninta.

To amma wanda aka hana leƙa ciki yakan iya karatun waje. Wata rana mun tafi tsinko ganyen jiga, Kaka ta ce mini in lura da inda kajin gidan ke wuni. Ƙarƙashin rumbun Malam suke, suna tsattsagar wani gari mai laushi da ke zubowa ta ƙasan zana. Ta ce damuna biyu da suka wuce guguwa ta taɓa ɗaga jinkar, ruwa ya shiga, Baffa ya gyara ya ce bai kai ciki ba. Ta ci gaba da tsinkar ganye. Ni kuwa sai bakina ya kuɓuce, na ba ta labarin lambun lakwal. Mushe, wani dogon mutumin Dahome mai son shuke-shuke, ba ya yarda a sa iri a ƙasa sai an gwada shi. Mukan ƙirga ƙwaya ɗari, mu naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, mu jira kwana huɗu, mu ƙirga waɗanda suka tsira. In tamanin suka tsira, irin na da rai. In ashirin ne, to kabari za ka haƙa masa, ba ramin shuka ba.

Ta sa na maimaita har sau uku. Sannan ta tambaye ni yadda ƙwaya ɗari za ta faɗi gaskiyar rumbu guda. Na ce kamar yadda take ɗanɗana gishirin miya da bakin ludayi ne, ba sai ta shanye tukunyar ba.

Ta ce, "In an motsa tukunyar ke nan. In ba a motsa ba, mai za ki ɗebo, ki rantse miyar ta yi."

Ba ta sake ta da zancen ba har kwana biyar. Ranar da ta tayar da shi, dami uku suka rage a rumbun bara, kuma dami uku ne daidai abin da gonakinmu ke ci in an zo shuka. Gidan na cinye dami ɗaya cikin kwana huɗu. In aka ci gaba da ci, kafin ruwa ya sauka babu sauran iri sai na Malam. In shi kuma ya ƙi fita, ba abin da za a sake shukawa, shekarar ta tafi ke nan.

Da safe Baffa ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, Maigida take ce masa. Ta ce masa kada ya taɓa rumbun bara yau, yarinyar nan za ta gwada irin. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce cikin ladabi ai ba a tambayar ƙyalle abin da ido ya gani. Ya ce ta tuna zangarniyar Malam, ta kuma dubi ta bara, wadda ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya sauka a kanta.

Ta ce, "Ta bara ɗiyar ta Malam ce, yunwa ce ta same ta. Kai ma a shekarar yunwa na haife ka, kamar ɓera, ga ka nan yau sai ka sunkuya ƙofa ke ɗaukar ka."

Inna Habi ta juya kai tana danne dariya. Baffa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa, sannan ya ce ya ji, ba zai tsallake maganar Iya ba. Amma in ba a ci sabo ba, tsoho ma ba a ci, don ya riga ya yi alkawari a kansa. Ya tambaye ni kwana nawa ne wasan. Na ce huɗu. Ya ce to, kwana huɗu turmi zai huta. Na san abin da ke ransa: kafin gobe da yamma cikinmu zai ba shi gaskiya.

Ya jingina tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga rumbun Malam. Jim kaɗan ya miƙo zangarniya goma, ya jera su a kan tabarma. Ban taɓa ganin gero mai kyau haka ba, dogaye, ƙwayarsu a cike, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Na tuna yadda Mushe ke ƙwanƙwasa mana yatsa da alli in ya ga muna tsince manyan ƙwayoyi muna barin ƙanana. Na tattara ƙarfina na ce wa Baffa waɗannan zaɓaɓɓu ne, kuma daga sama. Ya buɗe ido da mamaki na gaskiya, ya ce to da marasa kyau zai ba ni? Shi tun da ya tashi, in an ce ya kawo gero a gani, mai kyau ake kawowa. Ba don ya cuce ni ya yi ba. Hannun manomi ne, ko cikin duhu ka sa shi, sai ya sauka a kan zangarniyar da ta fi.

Ni ba zan shiga ba, shi kuma hannunsa ba zai daina zaɓe ba. Na tsaya ban san abin yi ba, don a lakwal buhu ne Mushe ke zazzagewa ya gauraya, ba wanda ya koya mini yadda ake motsa rumbu. Kaka ce ta ce a yi irin ta watanda. In an haɗa kuɗi an yanka sa, an kasa naman kashi-kashi, ai wani ne ke juya baya, mai rabo ya ɗora hannu ya ce na wa, shi kuma ya faɗi suna bai ga tsoka ko ƙashi ba. Ta ce Maigida ya bi dammunan tun daga sama har ƙasa, yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ita za ta faɗi inda zai zaro.

Ta kife turmi ta zauna, ta ba rumbun baya, ta ɗauki mazarinta tana kaɗi. Daga ciki muryar Baffa ta fito kamar daga rijiya.

"Wannan fa?"

"Wuce."

"Wannan fa?"

"Wuce."

"Wannan fa?"

"Zaro. Inda hannunka yake, kada ka matsa."

Haka suka yi ta yi har rana ta ɗaga. Da farko muryarsa da ƙarfi take fita, har da 'yar ba'a a ciki, yana tambaya ko Iya ma za a sa ta lakwal. Da ya soma jan dammunan gefe yana gangarawa, sai tambayar ta riƙa jinkiri. Akwai inda ya yi shiru har Kaka ta ce ko barci ya yi. Ya fito gemunsa fari da ƙura, ya ajiye zangarniya goma bai dubi kowa ba. Uku daga ciki da kyaunsu. Sauran sun yi duhu, kuma da na ɗaga ɗaya sai gari ya zubo mini a hannu. Aka yi wa rumbun bara haka nan, shi bai ɗauki lokaci ba, don dami uku ba su da wurin ɓuya.

A ƙarshen littafin da nake karantawa yanzu akwai shafuka cike da lambobi da ba su da kai ba su da gindi, an buga su ne musamman don mai ɗiba ya bi su ya huta da son zuciyarsa. Ranar da na fara ganin su na yi ta juya su ina neman ma'anarsu. Jiya na gane aikin da Kaka ta yi da ta ba rumbu baya ne aka ba su.

Ƙyalle ma sai da aka nema, don a shekarar zane ya fi nama tsada, har akwai matan da ke jiran wanki ya bushe kafin su fita. Kaka ta yaga tsohon kallabinta gida uku. Na murza zangarniyoyin a faifai, na ɗebi ƙwaya goma daga kowace ido a rufe, na jera su goma-goma. Baffa ya ce lalle a sa zaɓaɓɓunsa ma, na ce to. Ƙulli ɗaya a bakin ƙyalle, zaɓin Baffa. Ƙulli biyu, geron Malam na ƙuri'a. Ƙulli uku, na bara. Muka jiƙa su, muka shimfiɗa a gindin randar Kaka, wurin da rairayi ba ya bushewa ko bazara ta kai ina, muka kife kasko a kai saboda ɓera.

Daga nan aka shiga kwana huɗun.

Anza muka ci. Ƙwayar daji ce mai ɗacin da sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciyu, kuma sai daga baya na lura cewa Kaka ta jiƙa tata tun ranar da muka je tsinkar jiga. Duk da haka ɗacin bai fita duka ba. Yakan zauna a bayan harshe har washegari, ka sha ruwa ka ji ruwan ma ya koyi ɗaci. Da rana a dafa ganyen jiga a yayyafa masa dusa. Ciki kan yi ƙugi, sannan ya gaji ya yi shiru, kuma shirun ya fi ƙugin ban tsoro. In na miƙe da sauri sai gari ya yi duhu, taurari su fito mini da rana tsaka.

Ba yunwar ce ta fi damuna ba. Jaririn Inna Habi ne. A rana ta biyu nononta ya ja baya, yaron ya riƙa kuka da 'yar siririyar murya kamar ta ɗan akuya. Kaka ta kwance wani ƙullin gari da take tsimi don rashin lafiya, ta riƙa dama mata ita kaɗai. Inna Habi mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sau ɗaya dai, na wuce ta tana jijjiga yaron, ta ce ba tare da ta dube ni ba, Allah ya sa ƙyallen ya haifi tuwo. Na shige ɗaki na zauna kusa da randa. In geron Malam ya fito lafiya, to ni ce na sa gida guda yunwar banza, na kuma sa tsohuwa ta tsallake ɗanta a gaban matarsa.

A wurin na wuni mafi yawan kwanakin. Nakan ɗiga ruwa da yatsa a gefen kaskon, in kasa kunne kamar zan ji motsi. Na riƙa ganin ƙwayoyin kamar mutane ɗari uku da ke barci a ɗaki mai duhu, an tsaya a ƙofa ana kiran suna, ba a san wanda zai amsa ba. A waje kuma alamu na ta taruwa. Gawo ya soma zubar da ganye. Shamuwa biyu suka sauka a kan tsamiyar masallaci suna jan kara. Da yamma gabas takan yi baƙi, iska ta juyo da sanyi-sanyi, sannan hadarin ya watse kamar ya tuna wani alkawari a wani gari. Baffa kan tsaya a ƙofar gida ya dubi sama, ya dubi ɗakin Kaka. Shi ma anzar yake ci.

Rana ta huɗu bayan an sha ɗumi, ko da yake ba ɗumin da aka sha, na ɗauko kaskon da ƙyallayen na kai ƙarƙashin rumfa. Kowa ya taru. Na kwance mai ƙulli ɗaya. Zaɓaɓɓun Baffa sun yi kyau, fararen saiwoyi kamar zaren kaɗi, na ƙirga saba'in da ɗaya. Baffa ya gyara zama ya shafa gemu. Na kwance mai ƙulli biyu. Wari ne ya fara fitowa. Yawancin ƙwayoyin sun kumbura sun yi furfura, suna kwance yadda na ajiye su. Na ware masu rai gefe guda da tsinke, ashirin da uku. Na ukun kuwa da ƙyar ya buɗu, don saiwoyin sun huda ƙyallen sun kama rairayin da ke ƙasa. 'Yan ƙananan ƙwayoyin nan da ake raina wa, kowace ta fid da ƙafa ta fid da kai. Tamanin da takwas.

Baffa ya jawo faifan gabansa ya sake ƙirgawa da kansa, a hankali, yana motsa leɓe. Ya ce ƙyalle dai ba gona ba ne, amma muryar ba ta da ƙashi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga cikin matattun ya matse ta tsakanin farce biyu, ta fashe, ba komai a ciki sai ɓawo. Ya daɗe yana kallon farcensa. Sannan ya tashi ya fita, muka ga ya nufi wajen maƙabarta.

Kafin azahar ya dawo. Bai shiga rumfa ba, ya zarce bayan gida, muka ji ƙarar tsani. Ya fito da dami guda daga ƙasan rumbun Malam, ya sauke a gaban Inna Habi ya ce a daka. Sannan ya tsaya a tsakar gida ya faɗi abin da ya yanke, kamar wanda ya kwana da shawarar tun bara. Manyan gonaki biyu za a shuka su da geron bara. Zangarniyoyin sama na rumbun Malam, masu sauran rai, zai tsince su da hannunsa ya shuka 'yar gonar bayan gida, a riƙa ƙara yawan ƙwaya a kowane rami, don kada irin tsohon ya ɓace daga gidan. Sauran a ci har kaka. Kaka ta ce Allah ya yi wa Maigida albarka, shawara ta yi. Ko kallona ba ta yi ba.

Tuwon ranar yana warin rima, launinsa kamar toka. Na ci tuwo a gidajen manya tun daga lokacin, har da na shinkafa da man shanu a bikin ma'aikata, amma ban ci wanda ya kai shi ba. Ina ci ina jin ƙarar turmin da ta dawo gidan tana yi mini amo a kunne.

Bayan kwana shida ruwa ya zo. Da la'asar ne shi ma. Iska ta fara kwasar kaji da faya-fayi, sai ɗigo na farko ya faɗo a kan rairayi ya yi rami kamar an jefa tsakuwa, sai sama ta buɗe. Muka jera tukwane da ƙore a bakin indararo, yara suka tuɓe suna tsalle. Da ya ɗauke Baffa ya fita gona ya tona ƙasa da hannu, laima ta wuce wuyan hannunsa, ya ce gobe shuka. Da asuba muka fita gaba ɗaya. Maza a gaba da sungumi, suna sara suna takawa, sara ɗaya taki ɗaya. Mu a baya da ƙoƙon iri, mu ɗiba da yatsa uku mu jefa, mu rufe da diddige. Ƙasar na da sanyi a tafin ƙafa, karo na farko cikin watanni. Kwana biyu muka yi, kuma da muka gama gona ta biyu saura rabin tiya, wato rabin mudu, a ƙasan ƙwarya.

Yanzu in ruwa ya sauka ina tsaye ne a bayan taga, da takarda mai gidaje-gidaje a gabana, ina jiran a kawo mini labarin gonakin wasu. Motocin gyaɗa na wucewa, yadi ya cika kasuwa har ana zaɓen launi. Ƙafata ta manta yadda ake rufe rami ba tare da an duba ba.

Safiya ta huɗu bayan shuka na riga kowa fita. Daga nesa gonar tana nan ja kamar jiya. Sai da na durƙusa, na kwantar da kai daidai da ƙasa, rana na fitowa ta bayansu, sannan na gan su: tsinkaye kore, ƙanana kamar allura, kowane da ɗigon raɓa a kansa, jeri bayan jeri har inda ido ya tsaya. Na bi layi ɗaya ina ƙirga ramuka, na kai ɗari ban sami wanda ya ƙi ba sai huɗu. Ban san lokacin da na fara gudu ba. Na bi tsakanin layukan ina gudu ina dariya ni kaɗai, har na yi karo da Baffa yana tsaye a kan iyaka, hannuwansa a baya. Ya ce in yi a hankali kada in taka masa gero.

Damunar ba ta zo da sauƙi ba. Bayan noman fari ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, ganye ya naɗe kamar tabarma, muka koma kallon gabas. Amma shukar da ta fita da ƙarfi ta riga ta kai saiwa ƙasa, ta jure har ruwa ya dawo. Gonar bayan gida ta fito da giɓi nan da can, kamar bakin tsoho, duk da haka ta tsaya. Maƙwabcinmu Malam Ilu, wanda shi ma tsohon tsimi ya shuka, sau biyu yana maimaita shuka ba ta kama ba, sai da Baffa ya aika masa da rabin tiyar da ta rage. Muka ci tafasa, muka ci rama, muka kankare rumbun Malam har zana. Aka yi maimai, gero ya yi ciki, ya fid da kai. Kuma kan da ya fid ba gajere ba ne. 'Ya'yan ramammen nan da suka sami ruwa sai suka tuna gidansu, zangarniya ta miƙe har tana rinjayar kara.

Ranar da aka fara tumu, Baffa ya karyo zangarniyoyin da suka fara nuna, aka hura wuta a bakin gona da yamma. Ana gasawa, ana murzawa a tafin hannu, ana hure ƙaiƙayi, ƙwayar na fashewa a baki da zaƙi da ɗumi. Jaririn Inna Habi, wanda ya yi kumatu, yana ta miƙa hannu. Kaka na zaune a kan buzu ina murza mata, don haƙoranta sun yi saura kaɗan. Sai ga Malam Ilu ya biyo ta hanya, aka yi masa tayi ya zauna. Ya ci, ya dubi gonar tun daga wannan iyaka har waccan, ya girgiza kai. Ya tambayi Baffa wane malami ne ya yi masa aiki, don shi duk yankin nan bai ga shukar da ta fita ba giɓi irin wannan ba.

Baffa ya hure tumun da ke hannunsa, ya watsa a baki, ya tauna ba gaggawa.

Ya ce, "Ilu, kai ba ka gwada iri kafin ka kai shi gona? Ƙwaya ɗari, jiƙaƙƙen ƙyalle, kwana huɗu. Kuma ba ka zaɓa da hannunka, ƙuri'a ake yi. Mu gidan nan tun kaka da kakanni haka muke yi."

Kaka ta tsaya da tauna. Ta dubi ɗanta, ta dube ni, idanunta sun ƙanƙance. Sannan ta miƙo mini tafin hannunta ta ce in ƙara mata, wannan bai ishe ta ba.